Tsimin Baitulmali: Waiwaye Kan Haraji a Ƙasar Gwandu



Tun da aka sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, ba a rasa masu musu a kansu a majalisun hira da shafukan zumunta. Wasu na cewa gwamnati ta fara tsuke bakin aljihunta kafin ta leƙa na talaka. Wasu kuma na cewa tattalin arziki ba ya farfaɗowa sai an zuba masa kuɗi, ko da bashi ne. Mun lura kusan duk misalan da ake kawowa daga Amurka ne ko Ingila, alhali nan ƙasar Gwandu an taɓa yin hukumar da ba ta kashe abin da ba ta da shi, tana kuma ajiye rara. Kakanninmu na Dodoru da Kambaza da Dalijan su suka biya kuɗin wannan tsimin, don haka muka ga ya dace mu waiwaye shi.

Mu fara da abin da aka ɗora daular a kansa. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu ya lissafa abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su, ya kuma kira wasu da sunansu na Hausa, kamar jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa. A mahangar malaman jihadi ƙofofin shigar kuɗi baitulmali ƙididdigaggu ne: humusin ganima, ushira, jiziya, harajin ƙasa, fai'i, dukiyar wanda ya rasu bai bar magaji ba, da dukiyar da ba a san mai ita ba. Abin da ya fita daga nan zalunci ne, ko da sarki ne ya sa shi. Malam Abdullahi na Gwandu ya fi kowa tsanani a wannan fage. Wajen 1807, da ya ga abokan tafiya sun fara karkata ga tara dawaki da tufafi da manyan gidaje, sai ya kama hanyar gabas da niyyar barin ƙasar baki ɗaya. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake riƙon jama'a. Wanda yake neman tushen ra'ayin taƙaita hannun hukuma a dukiyar mutane ba sai ya haye teku ba.

Sai dai rubutu daban, aiki daban. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar kowane magidanci na biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace rijiyar rini kuma wuri 700. Harajin da aka yi wa wa'azi ya dawo ta bayan gida.

A ƙasar Sakkwato da ta Gwandu kam abin ya bambanta, kuma wannan bambancin shi ne mabuɗin labarinmu. Manomin nan zakka ya sani, ba kuɗin ƙasa irin na Kano ba. Fadar Gwandu tana rayuwa ne da gaisuwar da ake aiko mata daga ƙasashen da ke ƙarƙashinta, musamman Nufe da Ilori, da kuma na yamma wajen Sayi. Kada mu yi wa kanmu daɗin baki a nan: sauƙin da kakanninmu suka samu wasu ne suka ɗauki nauyinsa, kuma cikin abin da ake aikowa har da bayi. Wannan hanya ta fara toshewa a 1897 da kamfanin Turawa na Kwara ya ci Bida da Ilori da yaƙi. Faransa ta kwashe ƙasashen yamma. Da Turawan Ingila suka iso a 1903, sai suka raba sauran masarautu da Gwandu gaba ɗaya. Aka wayi gari sarki yana da fada da bayin sarki da baƙi da malamai masu jiran kyauta, amma babu mai aiko masa da komai. Babu inda za a juya sai kan talakan gida.

Su ma Turawan a matse suke. Ƙa'idar Landan ita ce kowace ƙasar mallaka ta ci da kanta, amma Arewa ba ta da tashar jirgin ruwa balle kuɗin kwastan, sai da baitulmalin Ingila ya riƙa cike mata giɓi da fam dubu ɗari uku, wani lokaci fiye, a shekara. Son yanke wannan tallafin yana cikin manyan dalilan haɗe Kudu da Arewa a 1914. Gwamna Lugga ya fitar da dokar haraji a 1904, ya sake ta a 1906, aka dunƙule tsofaffin kuɗaɗe iri-iri suka koma biyu: haraji a kan magidanta, jangali a kan shanu. A wannan shekara ta 1906 ne aka yi tawayen Satiru, aka tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin bisa zargin yana da masaniya, aka naɗa Haliru Abdu.

Daga nan aka zo da baitulmalin En'e. An fara gwada shi a Katsina zamanin Sarki Dikko da Razdan Palmer, zuwa 1911 ya bazu a masarautun Arewa, har da tamu mai hedikwata a Birnin Kabi. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Malaman haraji su zagaya su ƙidaya magidanta da dabbobi, a yanka wa kowane gari abin da zai biya. Mai unguwa ya tara ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa uban ƙasa, uban ƙasa ya kai wa ma'aji. Rabi ya tafi gwamnati, rabi ya zauna a baitulmali. Sarki da uwayen ƙasa da alƙalai duk aka yanka musu albashi, aka ce daga yau ba wanda zai ɗebi rabonsa a hanya. Kowace shekara sai an rubuta kasafi, Razdan ya duba, a aika Kaduna a amince. Ba a yarda baitulmali ya tsara kashe abin da ya fi shigarsa ba, kuma ana son ya ajiye wani abu saboda ɓacin rana.

Mu faɗi gaskiya, akwai abin yabo a nan. Kafin wannan lokaci babu iyaka tsakanin aljihun sarki da na jama'a. Yanzu ga littafi, ga rasit, ga mai bincike da zai zo ya ƙirga kuɗin da ke cikin akwati ya gwada da abin da aka rubuta. An sha tuɓe masu sarauta a Arewa saboda cin kuɗin haraji. Mu da muka tashi muna jin biliyoyi sun yi ɓatan dabo ba a kama kowa ba, dole wannan ya ba mu sha'awa. A 1928, da ciniki ya yi kyau, har aka ƙara wa manyan baitulmalai kasonsu zuwa kashi 70 cikin ɗari.

Shekara ɗaya bayan haka kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, duniya ta shiga matsin da ba a taɓa gani ba. Manomin Dodoru bai san da wata New York ba, amma ya ga alamarta a kasuwa. Fatar jar akuyar Sakkwato da ake kai wa Turai ta faɗi. Auduga ta faɗi, gyaɗa ta faɗi, kamfanoni suka rage saye, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Ga shi kuma haraji ba a karɓarsa da gero ko wuri kamar da, sai da sule da sisi na Bature. Wanda a da zai sayar da akuya ɗaya ya fita, yanzu sai ya haɗa da 'yarta. Ana cikin haka fara ta sauka a farkon shekarun 1930 ta bi gonaki.

Me hukuma ta yi? Abin da littafin tsimi ya ce. Gwamna Donald Cameron, wanda ya riƙi Nijeriya daga 1931 zuwa 1935, ya sa gaba wajen daidaita kasafi. Aka sallami ma'aikata, aka dakatar da ayyuka, aka mayar da kason manyan baitulmalai kashi 60 domin gwamnatin Ikko ta cike nata giɓin. An ɗan sassauta haraji a wurare, amma sassaucin bai kama ƙafar faɗuwar farashi ba, don haka a zahiri nauyin ƙaruwa ya yi a kan manomi ko da lambar da ke kan takarda ta ragu. Abin da ya fi ci mana rai da muka karanta shi ne maganar rarar nan da aka yi shekaru ana tarawa. Kaso mai yawa na ajiyar baitulmalan Arewa ba a Arewa yake ba. An zuba shi a takardun jari ta hannun wakilan gwamnati a Landan, yana jawo ruwa, yana yi wa wasu ƙasashe aiki. An tara domin ɓacin rana, ranar ta ɓaci, aka ce kada a taɓa sosai saboda gobe. Masanin tarihi Moses Ochonu ya yi littafi guda a kan waɗannan shekaru a Arewa, Colonial Meltdown, wanda ya fito a 2009, ga mai son zurfafawa.

Tsallaken iyaka abin ya fi muni. A 1931 yunwa ta auka wa ƙasar Zabarmawa a yammacin Nijar bayan fara ta cinye amfanin gona, jami'an Faransa kuma suka ci gaba da neman haraji kamar babu abin da ya faru. Dubban mutane suka mutu, wasu dubbai suka tsallako ƙasar Ingilishi, wato wajenmu. Bayan abin ya zama abin kunya ne Faransawa suka tsananta dokar rumbun tsimi, inda ake tilasta wa kowane gari ya ajiye hatsi. Ko ba komai su nasu tsimin a gari yake zaune, ana ganinsa da ido.

To ina manomi ya samo kuɗin? Ya samo su da ƙafarsa. Da an gama girbi sai samari su ɗaure ƙunshi su tafi cin rani, wasu Ibadan da Ikko, wasu har Kumasi da Ankara ta Gwalkwas, su yi dako, su yi ga-ruwa, su yi aikin gonar koko, su dawo kafin shuka da kuɗin haraji da ɗan abin sutura. Lardin Sakkwato, wanda Gwandu ke cikinsa, ya yi suna a wannan tafiya fiye da kowane lardi a Arewa. Wanda bai samu ba kuwa ya san abin da ke jiransa. Har yau dattawanmu na ba da labarin yadda ake shanya mutum a rana a ƙofar hakimi, ko a kama akuyar matarsa, ko ya sulale cikin dare ya bar gari sai ƙura ta lafa. Littafin ma'aji ya daidaita tsaf, amma kura ce ta sha bugu, gardi ya karɓi kuɗi.

A daidai wannan lokaci a wasu ƙasashen tunani yana juyawa. Shugaba Roosevelt na Amurka ya fito da manyan ayyukan gwamnati daga 1933 domin mutane su samu abin yi, masanin tattalin arziki Keynes kuma ya fitar da littafinsa a 1936 yana cewa idan kasuwa ta mutu, hukuma ce ya kamata ta kashe kuɗi ta tayar da ita. Wannan iska ba ta kaɗo ƙasashen mallaka ba sai da Ingila ta yi dokokin raya su a 1940 da 1945. Zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, 1938 zuwa 1954, wanda babban asibitin Birnin Kabi ke ɗauke da sunansa, ya faɗo cikin wannan sauyi, lokacin da aka fara sakin hannu ga makarantu da asibitoci da rijiyoyi. Amma an riga an yi asarar shekaru. Mafi yawan abin da baitulmali ke kashewa kafin nan albashin masu mulki ne da 'yan doka da gidan yari, kason ilimi ɗan kaɗan ne. Duk wanda ke mamakin tazarar boko tsakaninmu da Kudu, ya ƙara da wannan a lissafinsa.

Saura kuma mun fi saninsa, ba sai mun daɗe ba. Man fetur ya zo, kuɗi suka fara gangarowa daga sama. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e da baitulmalinta. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, abin da 'yan NEPU suka daɗe suna fafutuka a kai, wasu jihohi suka bi sahu. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja, domin harajin da bai bambanta mai garke da mai akuya ɗaya sosai ba, ga wulaƙanci a wajen karɓa, ba abin kewa ba ne.

Sai dai akwai abin da ya tafi tare da shi wanda ba a lura ba. Mun taɓa zama da wani dattijo a Dodoru, ya buɗe tsohuwar adaka ya nuna mana rasit ɗin harajinsa, sun yi ja saboda daɗewa, an ɗaure su da zare. Muka tambaye shi me ya sa bai zubar ba. Ya ce, "Ku yaran yanzu mi kunka sani? Wagga takarda ita ta mutum. In babu ta ba ka wuce tasha, in kana da ita kana iya tsayawa gaban hakimi ka ce ina rijiyarmu." Ba mu ce kowa ya samu rijiyar ba. Amma mai biya yana jin yana bin bashi. Da hukuma ta daina dogara da aljihun manomi, sai ta daina jin tsoron bakinsa, shi ma ya daina tambaya, tunda an ce kuɗin gwamnati ne, ba na kowa ba.

Daga nan aka koma ɗaya gefen. A da ana tara kuɗi a hana mai shi, yanzu ana kashewa tun ba su zo ba. Da farashin mai ya faɗi, Shugaba Shehu Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilun 1982, zuwa 1983 malaman makaranta a jihohi da dama suna bin albashin watanni. An kafa asusun rarar mai a 2004 domin irin wannan rana, gwamnoni suka kai ƙara kotu suna neman a raba. Da gangar mai ta sauko daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, jihohi da yawa sai da tarayya ta ba su rancen ceto kafin su biya albashi. Jiharmu ta Kabi, wadda aka yanke daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, tana cikin masu ƙarancin kuɗin shiga na cikin gida. A ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta 2023 abin da ta tara bai kai naira biliyan 12 ba, Legas kuwa ta haura biliyan 800. Idan ka duba da kyau, mun koma zaman fadar Gwandu ta kafin 1897: ana jiran gaisuwa daga nesa, wannan karon daga Abuja, kuma wanda ya karanta abin da ya faru a wancan karon ya san hanya tana iya toshewa.

An gwada farfaɗowa ta hanyar noma. A watan Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya zo Kabi ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na bai wa manoman shinkafa rance, a ƙarshen 2016 aka fito da shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Legas da Kabi, a 2017 aka buɗe babban injin casar WACOT a Argungu. Fadamu sun cika, mutane sun samu, ba mai musun wannan. Amma biyan bashin ya zama rigima, domin da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa, ambaliyar 2020 kuma ta zo ta shafe gonaki masu yawa. Ma'ajin En'e da zai ga yadda aka raba kuɗin nan da yadda aka bi sawunsu, da ya riƙe baki. Shi kuma manomin 1931 da zai ga hukuma ta kawo masa iri da taki da injin ban-ruwa a shekarar wahala, da ya ce mafarki yake yi.

Shi ya sa idan muka ji ana cewa a yi tsimi, ba ma saurin tafawa, ba ma saurin tsaki. Muna goyon bayan hukuma ta rubuta abin da ta karɓa, ta kashe daidai ƙarfinta, ta rage ayarin motoci da tafiye-tafiye, ta ajiye wani abu, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tambayoyin da za mu yi su ne waɗanda ba a bar kakanninmu sun yi ba. Cikin wa za a ɗaure, na mai ofis ko na mai garma? Ajiyar a ina za ta kwana, wa ke riƙe da mabuɗi? Wace irin rana ce za a yarda ta ɓaci har a buɗe? Baitulmalin En'e ya iya lissafi, amma mai biya ba shi da kujera a inda ake yanke shawara, kuma a nan ne tsiminsa ya zama cuta.

Mu dawo kan sana'armu. Muna yawan kukan cewa labaranmu sun ƙare a soyayya da kishiya da gidan attajiri, ga shi kuwa fili guda ba a taɓa ba. Malamin haraji da aka tura garin da aka haifi uwarsa ya ƙidaya awaki. Bafulatanin da ke kora rabin garkensa cikin ƙurmi idan ya ji masu jangali sun sauka. Hakimin da kuɗinsa bai cika ba, uban ƙasa na jira, ya san rawaninsa ne a kan layi. Matar da ta kwance 'yan kunnenta ta ba miji don kada a shanya shi gaban surukansa. Saurayin da ya taka zuwa Kumasi saboda 'yan sulalla, ya dawo ya tarar an ba da budurwarsa. Waɗanda suka biya haraji da hannunsu kafin a soke shi yanzu sun haura sittin, kullum kuma raguwa suke yi. Wanda ke da irinsu a gida ya zauna da su da waya ko littafi, ya tambaye su nawa ne, wa ke karɓa, a wane wata, me aka sayar aka biya. Idan an samu tsohon rasit a ɗauki hotonsa, a rufe sunan mai shi, a ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutu tare da sunan garin da shekarar. Namu na Dodoru za mu fara sakawa in mai adakar ya yarda.